Yadda "Da Sauƙi" Ta Kusa Cinye Mana Firiza

Jama'a, yau na bar gida da riga mai guga, na isa inda zan je da taswirar bayan mota a ƙirjina. Motar hayar da muka shiga, ni da maman yara da maƙwabcina mai faci, wanda duk layinmu ke kira Injiniya, ta yi tari a tsakiyar titi ta mutu. Direba ya waiwayo ya ce mai ne ya ƙare, amma kada hankalinmu ya tashi, ga gidan mai can. Muka leƙa, ga shi kuwa, da layin motoci da ya fito daga cikinsa ya naɗe unguwar kamar rawani. Wai fasinjoji su taimaka a tura zuwa ƙarshen layin. Muka tura. Na biya don mota ta ɗauke ni, na ƙare ni na ɗauki motar. Allah dai ya saka wa Masu Girma da alheri, su da suka rantse mana cewa bana mai zai yi yawa har mu rasa inda za mu sa shi. Rabin alkawarin ya cika, mun rasa shi.

Sauran hanyar a ƙafa muka ƙarasa. Kuma ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Ofishin kamfanin inshorar lafiya muka nufa, inda aka ba ni ranar sauraron ƙarar da na ɗaukaka. Bari in koma baya kaɗan, don kada in bar ku a duhu.

Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfanin katifa. Shekara da shekaru, kafin albashi ya iso hannuna, an riga an yanke wa inshora rabonta. Ranar da suka zo shigar da mu tsarin, sun kafa hoton wani iyali masu fararen haƙora suna ta dariya, an rubuta a ƙasa: "Ka yi ciwonka, sauran namu ne." Ni kuwa Allah ya hore mini jiki mai taurin kai, ko mura sai ta yi sallama ta wuce. Na yi ta biya ina kallon hoton, ina cewa ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar tafiyar ta zo a cikin gwangwanin lemo. Wata Asabar ce da rana tsaka, ina zaune a rumfar Injiniya. Na buɗe lemona na kurɓa, na ajiye, na shiga raba gardamar ƙwallo da babu wanda ya gayyace ni. Da maƙogwaro ya bushe na juyo na ɗaga gwangwanin na kwankwaɗa. Ashe wani ƙudan zuma ya riga ni ciki. An ce zuma da zaƙi da harbi, to ni harbin kaɗai na samu, a tsakiyar harshe.

Kafin ka ce kwabo harshena ya cika bakina kamar soson katifar da muke sayarwa, mai kaurin nan na masu kuɗi. Leɓe ya bi sahu. Numfashi ya fara fita da fito, kamar tayar da ta taka ƙusa. Injiniya, wanda ya san wannan ƙarar fiye da kowa, ya ce, "Wannan ba facina ba ne." Ya tare motar raba burodi, suka kwantar da ni tsakanin burodin, maman yara ta fito a guje da takalmi ƙafa ɗaya ta faɗa ciki.

A hanya ne ta tuna an rubuta a bayan katin inshora cewa a kira su kafin a je asibiti. Ta kira. Suka sa mata kiɗa. Ina shaƙewa ana kiɗa mai daɗi. Can sai wata yarinya mai muryar siga ta ɗauka, ta ce dole sai ta yi magana da mai katin da kansa. Maman yara ta ce, "Baiwar Allah, mai katin ba shi da baki a yanzu." Yarinyar ta ce haka doka ta ce. Sai maman yara ta kara mini wayar.

"Barka da rana, yallaɓai. Yaya jikin?"

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, wane ɗan halak ne za a tambaye shi yaya jiki ya ba da wata amsa daban? Haka aka rene mu. Na tattara ɗan numfashin da ya rage mini a duniya, na tura shi ta gefen harshe, na ce, "Da sauƙi."

A sashen gaggawa babu wanda ya tambaye ni komai. Nas ta ga fuskata ta yar da biro. Wata likita, yarinya ƙarama amma hannunta kamar walƙiya, ta danna mini allura a cinya, aka rufe mini hanci da abin shaƙar iska. Daga baya ta gaya wa maman yara cewa da mun tsaya sayen ko da ruwan leda ne a hanya, da maƙogwaron ya rufe ruf. Kafin la'asar harshe ya koma gidansa. Amma a wurin biyan kuɗi aka ce inshora ba ta amsa ba, mu biya tukuna, mu nemi namu daga baya.

Nan firiza ta shigo labarin. Maman yara ƙanƙara take sayarwa da ruwan sanyi, kuma firizar nan ita ce ke biyan kuɗin makarantar yara, ni albashina haya da cefane ke cinye shi. Ta girmi autanmu. Gurnaninta ne ke sa mu barci. Ranar nan maman yara ta je wurin yayanta mai shago, mutumin da ko gishiri zai ara maka sai ka bar masa cokali, ya ba da kuɗin asibiti, aka ɗora firiza a amalanke aka kai masa jingina. Tun ranar tana can tana sanyaya masa lemon sayarwa, aikin bauta ba ko sisi.

Bayan an sha jira, wasiƙar inshora ta iso. Ta fara da taya ni murnar samun lafiya, har na fara murmushi. Sai ta ci gaba: "Bincikenmu ya nuna lamarin ba na gaggawa ba ne, domin mai katin da bakinsa ya shaida wa jami'armu cewa da sauƙi. Bugu da ƙari, bayanan asibiti sun tabbatar da cewa bai rasu ba."

Na kai wa Injiniya ya karanta. Ya cire tabarau ya ce, "Ai ga kuskurenka nan ƙiri-ƙiri. Da ka daure ka mutu, da yanzu sun biya."

Na ce, "Da na mutu sai su ce gawa ba ta cikin tsarin."

Ya ce, "To ka ga, da ka huta da wasiƙa."

A gida kuwa maman yara ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri take miƙo mini ta ce, "Sha, da sauƙi." In na ce miyar yau ba nama, ta ce, "Da sauƙi." Yara suka dawo da takardar tunin kuɗin makaranta, ta ajiye mini a kan matashi ta ce, "Baban yara, ga wani sauƙin ya ƙaru." Magana zarar bunu ce, na zare tawa, rufin gidan gaba ɗaya ya biyo ta. Dole na rubuta ƙara.

To yau muka isa ofishin, gumi sharkaf. Gini ne na gilashi tun daga ƙasa har sama. A tsakar gidan akwai wani famfo da ke ta feso ruwa sama yana dawowa, ba mai sha, ba mai wanka, alhali mu a layinmu famfo iska yake bayarwa. Gefe guda ga sababbin motocin manya a jere, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Na tsaya na gaishe su, domin ina kyautata zaton ƙafar ɗaya daga cikinsu da albashina aka saye ta.

Ofishin sauraron ƙara yana hawa na can ƙoli, lif kuma na manyan ma'aikata ne kawai. Muna hawa Injiniya yana haki yana yaba basirar wanda ya tsara haka. Ya ce, "Ka duba hikima. Wanda ya iya hawowa, lafiyarsa ƙalau, ba ya buƙatar komai. Wanda ya kasa kuwa, bai halarci zama ba."

Ɗakin kwamitin sanyi kamar cikin ƙanƙara. Maman yara ta shaƙa ta ce a hankali, "Ashe nan sanyin firizata ya dawo." A kan doguwar kujera akwai Mai Girma Garkuwan Asusu, Katangar Da Ke Tsakanin Talaka Da Kuɗinsa, shugaban kwamitin, yana tsoma biskit a shayi. A damansa lauyan kamfani, siriri kamar tsinken sakace. A hagunsa likitan kamfani, wanda daga ganin laushin tafin hannunsa ka san fayil kaɗai yake dubawa. Sai sakatariya a gefe tana rubutu.

Mai Girma ya ce, "Malam, muna tare da kai ɗari bisa ɗari. Me ya same ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, harbina aka yi."

Lauya ya miƙe zumbur kamar an tsikare shi. Ya ce, "A rubuta, ya ce harbi. Harbi yana ƙarƙashin sashen yaƙi da tarzoma, kuma kamfani ba ya biyan wannan."

Na ce, "Ƙudan zuma ne fa."

"Ina ƙudan yake?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe. A bakina."

"Akwai takardar shaida?"

Injiniya ya ɗaga hannu ya ce shi ganau ne, kuma ya rantse marigayin ba ya ɗauke da makami, shi kaɗai ya zo, ba ya cikin wata ƙungiya a lokacin. Aka juya ga likitan kamfani. Ya rufe ido ya yi dogon nazari, sannan ya yanke cewa a likitance za a iya ɗaukar abin a matsayin cizo, sai dai ta baya aka yi shi. Sakatariya ta rubuta "cizo ta baya". Muka tsallake wannan.

Sai aka zo kan babbar hujja. Lauya ya danna wata na'ura, muryar yarinyar nan mai siga ta cika ɗakin, sannan wata murya ta biyo baya kamar ta sa da aka shaƙe da igiya. Ni ne. Aka maimaita. Aka sake maimaitawa. Likita ya ce shi "da hauka" ya ji, wanda kuma wani sashe ne daban da ba na cikinsa. Mai Girma ya ce a'a, "da sauƙi" ne sarai, har ya yaba da ladabina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa haka yake cewa. Mutum yana kan gargara, a tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Kakata da shi ta cika a bakinta. Ba rahoto ba ne, gaisuwa ce."

Ya ajiye biskit. Ya ce, "Wato lokacin da ka ce da sauƙi, babu sauƙin?"

"Ko ƙwayar zarra."

"Ke nan ƙarya ka yi wa kamfani." Lauya ya buɗe wani littafi mai kauri ya karanto cewa duk wanda ya ba kamfani bayanin ƙarya, an soke katinsa nan take.

Na ce, "A'a, ba ƙarya ba ce."

Mai Girma ya ce, "To gaskiya ce, da sauƙi. Ba gaggawa ke nan."

Gaba kura, baya sayaki. Na ji harshena yana neman sake kumbura don kansa. Na dubi maman yara, ta ƙura wa na'urar sanyaya ɗakin ido, na san lissafin zafin da ke tafe take yi, da masu sayen ƙanƙararta da suka fara komawa gidan gaba.

Mai Girma, da yake shi mai tausayin talakawa ne, ya tambayi lauya ko akwai wata ƙofa. Lauya ya yi ta juya shafuka da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Ya ce akwai guda ɗaya, amma ba a taɓa bi ta cikinta ba. Idan aka tabbatar cewa mai katin, tun asali, mutum ne da ba a dogara da maganarsa, to furucinsa ba ƙarya ba ne, ba gaskiya ba ne, iska ne kawai, sai a yi watsi da shi a koma ga takardar asibiti. Sai dai ana buƙatar shaida daga wanda ya san shi ciki da bai. Ya ce yawanci iyalan mutane ba sa yarda su tozarta nasu a gaban kwamiti.

Ban gama jin ƙarshen maganar ba na ji kujerar kusa da ni ta motsa. Maman yara ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da ruwan sha. Zan ɗan jima."

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni yau har da hanjina aka shanya.

Ta ce, "Wannan bawan Allah da kuke gani, lokacin da yake nemana ya ce yana da fili a bakin babban titi. Filin yana nan. Titin ne har yau bai iso ba. In ka kira shi ya ce ga shi nan a hanya, to yana banɗaki da soso a hannu. Famfon kicin ɗina ya ce gobe zai gyara, lokacin babban ɗanmu yana rarrafe. Yaron yanzu aski yake zuwa na gemu. In ya ce ya ƙoshi, a rufe tukunya da dutse. Akwai ranar da zazzaɓi ya kama shi yana karkarwa har gado na ƙara, na ce mu je asibiti, ya ce shi lafiyarsa lau, gadon ne ba shi da lafiya."

Na ce, "Haba maman yara, wannan ai..."

Ta take mini ƙafa da dunduniya, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Firiza."

Na haɗiye sauran.

Injiniya, wanda babu wanda ya kira, ya miƙe don ƙara wa miya gishiri. Ya ce shekara nawa ina gaya musu cewa da ina matashi saura ƙiris a ɗauke ni ƙwallo ƙasar waje, sai ranar da ƙwallon yara ta faɗo rumfarsa na tashi zan mayar musu, takalmina ya tafi, ƙwallon ta zauna. Ya ce kifin da na taɓa kamawa yana ƙara tsawo duk shekara, yanzu ya kusa kai tsawon motar burodi. Sakatariya ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Likitan kamfani ya nemi a maimaita masa na gadon, yana so ya rubuta.

Da suka gama, Mai Girma ya share ido ya ce tun da ya hau kujerar nan bai taɓa ganin shaida mai ƙarfi irin wannan ba. Ya juyo gare ni. "Malam, ka amince da abin da aka faɗa a kanka?"

Na buɗe baki zan ce e, lauya ya daka tsalle. Ya ce kada a bar ni in amsa. In na ce e aka yarda, to an dogara da maganata, shaidar ta rushe. In na ce a'a, na ƙaryata shaidar da ke ceto na. Aka yi shawara, aka ce in gyaɗa kai. Na gyaɗa. Sakatariya ta rubuta, "Ya gyaɗa kai, ba a san nufinsa ba."

Aka buga hatimi. Ƙarata ta yi nasara. Takardar ta ce kamfani zai biya kuɗin asibiti gaba ɗaya, "kasancewar kwamiti ya gamsu cewa maganar mai katin ba abin dogaro ba ce." Game da ranar biya kuwa, an ce da zarar an gama sabunta kwamfutocin ofis.

Muna saukowa, Injiniya ya yi gaba, maman yara ta tsaya a wani lungun matakala. Na ɗauka gajiya ce. Sai na ga tana goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Ba ka ga fuskarka ba a motar nan. Na riƙe maka waya ina kallon leɓenka yana yin baƙi, ina tunanin me zan gaya wa yara." Na karɓi jakarta na riƙe mata har ƙasa.

Daga nan shagon yayanta muka wuce, don ya ga kuɗinsa na tafe. Ya karanta takardar, ya kai layin ƙarshe, ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ya ce shi bai yarda da kamfanin ba, bai yarda da kwamfutocinsu ba, amma wannan layin shi ne gaskiya ta farko da ya taɓa gani da hatimi. Ya ce a ɗauki firiza, zai jira kuɗinsa, da sharaɗin a ba shi kwafi ya manna a bangon shago. Maman yara ta amince kafin in gyaɗa kai.

Yanzu haka da nake wannan rubutu firiza ta dawo kusurwarta, an goge ta, yara sun kewaye ta kamar baƙuwa daga tafiya. Ba ta fara gurnani ba tukuna, domin an ɗauke wuta tun azahar. Amma tana gida.

Injiniya ya leƙo ɗazu da shawara. Ya ce kada in yi wasa da takardar nan, irinta manya ke nema in za su ɗauki kakaki, in kai ta ofishin wani Mai Girma kawai, gobe in wayi gari da mota da direba. Na yi tunanin abin, har na fara zaɓen launin motar. Sai na ga gara in san matsayina. Ni famfon kicin guda ɗaya na yi wa alkawari. Can kuwa sai wanda zai iya yi wa gari guda alkawarin kogi, ya dawo da 'yan jarida ya ƙaddamar da kwalekwale.